Daga Jos Zuwa Dajin Gashaka da Abokai: Shirin Mota, Tuƙin Daji da Kwana a Masauki

Gashaka-Gumti shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa, kuma a yankinsa ne dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsayi a ƙasar nan. A 1991 ya zama gandun tarayya, hedikwatarsa tana Serti. Daga Serti zuwa ɗakunan baƙi da ke kusa da ƙauyen Gashaka tafiyar ba ta kai kilomita 50 ba, amma nan ne kwalta take ƙarewa, nan ne kuma ake gane wanda ya shirya da wanda ya biyo 'yan rakiya. Abin da ke ƙasa ya shafi wannan tafiya daga Jos, sai dai yawancinsa zai yi muku aiki a duk wata hanyar daji.

Sharaɗi na farko, kuma ba a sassauta shi: mota ɗaya ba ta shiga daji. Biyu ne mafi ƙaranci, uku ya fi, huɗu kuma ta fara zama nauyi, domin kowace tsayawa sai ta ninka. Kowace mota ta ɗauki mutum uku ko huɗu, a bar wurin da za a iya kwashe mutanen mota guda idan ta ƙi tashi.

Lokaci da hanya

Ku tafi tsakanin Disamba da Maris. Daga Afrilu ruwa ya fara sauka, zuwa Yuli da Agusta kuwa rafin da yaro ke tsallakewa da rani yana iya tafiya da mota. Da hunturu akwai ƙura da sanyin dare, amma ƙasa ta bushe, koguna sun ja baya.

Hanyar da ta fi sauƙin bi ita ce Jos zuwa Bauchi, Gombe, Kaltungo, Numan, a kwana a Jalingo. Washegari a bi ta Garba Chede da Bali zuwa Serti. Kada ku ce za ku haɗe ta a yini guda. Ku tashi bayan sallar asuba, ku sa a ranku cewa magariba ta same ku a masauki, ba a kan hanya ba. Tuƙin dare a waɗannan hanyoyi bai dace ba, saboda ramuka da kuma halin tsaro. Kwana biyu kafin tashi ku tuntuɓi ofishin gandun a Serti kan ɗakuna, kuɗin shiga da jami'in da zai raka ku, sannan ku tambayi direbobin tasha masu zuwa Gembu yadda hanya take a makon. Sun fi taswirar waya sanin gadar da ta karye.

Idan a cikinku akwai wanda bai taɓa saka giyar taimako ba (4L, giyar da ke jan mota da ƙafa huɗu a hankali da ƙarfi), ku yi gwaji tukuna. Yini ɗaya a hanyoyin ƙasa na wajen tsaunukan Shere ya isa a koyi hawa da gangara. Ko ku kwana biyu a sansanin Wikki na Yankari, inda hanya ta fi sauƙi, ga ruwan ɗumi mai digiri 31 a sha wanka.

Wurin bakanike

Mako biyu kafin tafiya ake kai mota gareji, ba jajiberi ba, don in an canza wani abu a samu kwanakin gwada shi a cikin gari. Ku tsaya a kan motar, kada ku ajiye makulli ku tafi.

A fara da ƙafa huɗun kanta, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja tare. Motoci da yawa a Jos da Abuja sun shekara ba a saka musu ita ba, wasu ma an cire musu furofelar gaba tun a wurin dillali. A leƙa ƙasa a tabbatar tana nan, a hau filin ƙasa a saka giyoyin ƙafa huɗu, 4H da 4L, a ji sun kama. Sai lagireto da robobinsa da fambel, domin tafiya a hankali cikin zafi ita ce ke tona asirin injin da ke ɗumama. A duba man giyabos da na aksul gaba da baya. In ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, a zubar. A girgiza kowace ƙafa a ji ko boris, boljoyin ko tayarod na da wasa. A duba shokazoba ko tana yoyo, a ɗaure batir da ƙarfensa, ba da igiyar roba ba, don gargada na iya kwantar da shi ya haɗa wuta.

Taya kuwa a nan ne mutane suka fi yin rowa, a nan kuma suka fi yin nadama. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta haura shekara 6, ko da zanenta bai cinye ba, robarta ta bushe, dutse ɗaya zai yaga gefenta. Safaya biyu ga kowace mota ya fi, in ba hali to ɗaya mai lafiya, kuma a gwada sifanar ƙafa a kan notinan tun a gida. Sau da yawa falkanaiza ya ɗaure su da bututu har ƙaramar sifana ba ta iya kwance su.

Kayan da ake ɗauka

Mai ake fara lissafawa. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 a kan kwalta tana iya shan 18 zuwa 20 a cikin yashi ko a giyar 4L. Ku lissafa tafiyar daji da babban adadin, ku ƙara kashi ɗaya cikin uku. Ku cika tanki a Jalingo, ku sake cikawa duk inda kuka ga gidan mai a buɗe, kowace mota kuma ta riƙe jarka biyu masu lita 20. In dole ta sa kuka sayi na 'yan bumburutu, a tace shi da mazurari da ƙyalle mai tsabta. Injin gas na zamani ba ya yafe ruwa ko datti a cikin mai, shi ya sa ake tafiya da matatar mai ta safaya.

Ruwan sha lita 5 ga kowane mutum a yini, ban da na girki da alwala, da ƙarin lita 10 na lagireto. Mutum tara na kwana uku sun tashi a lita 135 ke nan, kuma kowace lita kilo guda ce. Wannan nauyi ƙasa ake sa shi, tsakanin ƙafafun gaba da na baya, a ɗaure. Kan mota na katifa ne da tabarma. Jarkoki a sama su ne ke kifar da mota a hanyar da ta karkace.

Sauran kayan aiki a raba su tsakanin motoci: shebur biyu, adda, gatari, igiyar ja mai faɗi mai tsawon mita 9 wadda aka rubuta ƙarfinta a jiki (tan 8 ya dace da irin Hilux da Prado), maƙalan ƙarfe masu kusa biyu, jak da katako mai kauri da za a ɗora shi a kai, famfon iska mai aiki da batir, ma'aunin iska, kayan liƙe taya, wayar jona batir, fiyus, fambel, baƙin mai lita 4, man birki, waya da filaya, tukunyar kashe gobara. Takardun mota da lasisi su zama a hannu, domin shingaye ba su da iyaka tsakanin Jos da Serti. Ku riƙe tsabar kuɗi ƙanana. Inda babu sabis, na'urar POS ado ce.

Iskar taya da giya

Falkanaizan gari yakan buga wa taya iska 40 ko 45 a ma'aunin PSI, ya ce ta yi. A kan tsakuwa wannan iska tana sa mota tsalle, tana kuma sa dutse ya huda taya kamar an soka wuƙa a ganga. Da zarar kun sauka daga kwalta ku tsaya ku rage. A kan jar ƙasa da tsakuwa, 26 zuwa 28. A laka da duwatsu, 20 zuwa 24. A yashin kogi, 16 zuwa 18. Dalili shi ne taya mai ƙarancin iska tana shimfiɗuwa, tafinta ya yi tsawo, ta hau kan yashi maimakon ta tona shi. Amma ragin iska yana tafiya da ragin gudu: a 18 kada a wuce kilomita 30 zuwa 40 a awa, kada kuma a murɗe sitiyari da ƙarfi, don taya na iya fita daga bakin rim.

A irin Hilux, 2H na kwalta ne. 4H na hanyar ƙasa mai santsi ko yashi marar zurfi. 4L, wadda direbobi ke kira giyar taimako, ta hawa mai tsauri ce da gangara da ruwa da laka; sai an tsaya cik an sa mota a firi ake shigar da ita. Tsofaffin motoci suna da makulli a tsakiyar ƙafafun gaba da ake murɗawa da hannu. In an manta da shi, liba na nuna ƙafa huɗu amma baya kawai ke ja.

Kuskuren da ke cin kuɗi shi ne barin 4H a kan busasshiyar kwalta. A wannan giya gaba da baya a ɗaure suke, dole su juya daidai, alhali a kwana ƙafafun gaba sun fi na baya yin nisa. A kan ƙasa taya takan ɗan zame ta sauke bambancin. A kan kwalta ba ta zamewa, sai ƙarfin ya taru a furofela da giyabos, sitiyari ya yi tauri, liba ta ƙi fita, daga nan wani abu ya karye. Prado da manyan Land Cruiser na gari suna ja da huɗu koyaushe, su matsalarsu tana zuwa ne in an bar makullin tsakiya a kulle.

Babban yatsa kuma kada ya shiga cikin da'irar sitiyari. In ƙafa ta daki dutse, sitiyarin kan fizge da ƙarfin da zai iya targaɗa shi.

Tsarin ayari

Ku naɗa shugaban tafiya tun a Jos, kamar yadda sunna ta koyar in mutum uku suka fita, ku naɗa ma'aji daban. Wanda ya fi sanin hanya da jami'in gandu su shiga gaba, mota mafi rauni a tsakiya, mafi ƙarfi da kayan ja a baya. Ƙa'idar ita ce kowane direba yana da alhakin motar da ke bayansa, ba wadda ke gabansa ba. In ka daina ganin ta a madubi, ka tsaya. A kowace mararraba ka jira har na bayanka ya ga inda ka juya. Haka ayari ke tsayawa da kansa in na ƙarshe ya samu matsala, ko da babu waya. Cikin ƙura a bar tazara mai yawa, a kunna fitila.

Ku bar wa wani a gida sunayenku, lambobin motoci, hanya da ranar dawowa, da lokacin da in bai ji ku ba zai kira ofishin gandun. Hotuna a Facebook su jira sai kun dawo. Ba kowa ya kamata ya san inda za ku kwana ba. In kuka ratsa ƙauye ko ruga, a rage gudu, a yi sallama, in za a yada zango kusa a gaida mai unguwa ko arɗo. Su ne za su fito da shanu ko majiya ƙarfi ranar da kuka kafe.

Tsallake ruwa

Nan ne wurin da ya kamata a ɓata lokaci. A tsaya nesa da gaɓa, a kashe mota minti 10 zuwa 15. Aksul mai zafi in ya faɗa ruwan sanyi, iskar cikinsa takan tsuke ya zuƙi ruwa ta hancin numfashinsa. Kafin kowa ya sa ƙafa a ruwa a tambayi jami'in gandu, domin a kogunan yankin, irin su Mayo Kam, akwai wuraren dorina da kada. In ya ce ba komai, mutum biyu su shiga da sanda su taka layin da ƙafar dama da ta hagu za su bi, suna lalubar rami da dutse da yashi mai nutsewa. Zuwa da kai ya fi aike. A duba wurin fita fiye da wurin shiga, don a can ake yawan maƙalewa.

Ruwan da ya tsaya a tsakiyar taya ba shi da damuwa. Sababbin Hilux kamfani ya ba su santimita 70, wato kusan cinyar babban mutum, amma wannan na ruwa ne mai kwanciya da mota mai lafiya. In ruwan yana ture mai tafiya a ƙasa, zai ture mota ma. A buɗe bonet a ga inda injin ke shaƙar iska; wannan ne ainihin iyakarku, sai in an sa wa motar bututun shaƙa mai hawa gefen gilashi.

A ɗaura igiyar ja tun kafin shiga, a naɗe ta a kan mota, a sauke gilasai. Mota ɗaya a lokaci guda. 4L, giya ta biyu, totur daidai kamar saurin mai sassarfa, har ruwa ya yi ɗan tudu a gaban bamba. Kada a taka kuloci ko a canza giya a tsakiya, ruwa zai shiga tsakanin faranti ya sa shi zamewa. Bayan an fita a yi ɗan tafiya ana taɓa birki har ya bushe.

In mota ta mutu a cikin ruwa, hannu ya bar makulli. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In ya shiga silinda aka yi sitata, sandar fistin ce ke lanƙwashewa, injin ya tashi daga aiki. A jawo ta waje, a buɗe matatar iska. In ta jiƙe, a cire filogi (a injin gas, hita ko nozul), a juya injin ruwan ya feso, a duba baƙin mai, sannan a gwada tayarwa. In kuma shakka ta yi yawa tun daga gaɓa, a juya. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

In an kafe

Da ka ji taya na juyawa mota ba ta gaba, ɗaga ƙafa. Kowane ƙarin totur rami yake tonawa har cikin motar ya zauna a ƙasa. Gwada ribas a kan sawunka a hankali. In ta ƙi, kowa ya sauka, a rage iska zuwa 16, a kwashe laka ko yashi daga gaban dukkan tayoyi da ƙarƙashin aksul. In ta zauna da ciki, a ɗora jak a kan katako, a ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya ana cusa duwatsu da rassa. Ba wanda zai shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Ja da igiya shi ne aiki mafi haɗari a tafiyar gaba ɗaya. Ana ɗaurawa ne a ƙugiyar da ke jikin shasi da manyan kusoshi, ba a bamba ba, ba a ƙwallon jan tirela ba, ba kuma a siririn zoben da ake ɗaure mota da shi a jirgin ruwa ba. Waɗannan in suka ɓalle, igiya na harba su ta gilashi kamar harsashi. A yafa jiƙaƙƙen bargo ko buhu a tsakiyar igiya, 'yan kallo su ja baya fiye da tsawonta sau ɗaya da rabi, mutum ɗaya tak ke ba da alama. A fara da ja mai laushi. In sau uku ba ta fito ba, a koma kan shebur.

Hawa da gangara

A tunkari tudu kai tsaye, kada a yanke shi a karkace. A zaɓi giya tun daga ƙasa. In mota ta kasa a tsakiya, ba a juyawa: a taka birki, a sa ribas, a sauko a miƙe injin na riƙe da ita. A gangara, 4L giya ta ɗaya, ƙafa ta bar kuloci. Duk wanda ya saba sauka Hawan Kibo ya san warin birkin da ya ƙone. Dogon taka birki yana tafasa mansa, feda ta tafi ƙasa ba komai. Wanda zai zarce Mambila bayan Gashaka zai tarar da hawa da gangara da suka fi wannan tsawo.

Abu guda da ake mantawa da rani: busasshiyar ciyawa. 'Ya'yanta na toshe lagireto, karanta na naɗewa a furofela da salansa ya kama wuta. Duk awa ɗaya a leƙa ƙasa a cire, kuma kada a yi fakin a kan doguwar ciyawa.

A masauki

Ku isa da sauran rana. Kafin a shigar da kaya a buɗe tagogi, a haska ƙarƙashin gado, bayan ƙofa da banɗaki da tocila, a kakkaɓe katifa. Ɗakin da ya yi makonni a rufe gidan kunama ne da zanzaro, wani lokaci da maciji. Da safe a zazzage takalmi kafin a sa, da dare ba a fita ba tocila ba takalmi rufaffe. Kowa da gidan sauronsa. Ƙudan tsando yana son shuɗi da baƙi, don haka a sa kaya masu ruwan ƙasa da dogon hannu.

In maciji ya sari wani, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya. A cire zobe da agogo, a ɗaura wa gaɓar sanda kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa mota, a nufi asibiti mafi kusa ana tambayar inda ke da allurar dafi. Kububuwa dafinta hana jini daskarewa yake yi, tsagar aska kuwa ƙofa ce ta zubar jini. Asibitin Kaltungo da kuka wuce a hanya ya yi suna a wannan fanni, haka ma na Zamko a Langtang, amma dukansu suna da nisa daga Gashaka, don haka tun a Serti ku tambayi inda ake kai irin wannan.

Janareta ya zauna a waje, aƙalla mita 6 daga taga, salansarsa na kallon daji. Kaskon gawayi ba ya kwana a ɗaki komai sanyi. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari, barci kawai yake ƙara wa mutum. Ruwan rafi a tafasa shi ya yi minti guda yana ɓararraka, kuma a guji wanka a ruwan da ba ya gudu saboda tsargiya. Abinci a ɗauki mai jure zafi: shinkafa, taliya, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, kayan shayi. A kulle shi a mota, gilashi a rufe, don gwaggon biri ya iya buɗe kula. Sharar da kuka tara ta biyo ku zuwa gari, wutar girki kuma a kashe ta da ruwa har toka ta yi sanyi a hannu.

Komawa kan kwalta

A bakin kwalta a Serti a tsaya rabin awa. A mayar da iskar taya yadda takardar jikin ƙofar direba ta nuna, domin taya mai 20 in ta yi gudun 100 zafi zai fasa ta kafin Bali. A fitar da ƙafa huɗu; in liba ta yi gardama, a yi ribas mita biyar zuwa goma a miƙe, za ta saki. A buɗe makullan ƙafafun gaba, a sake ɗaure notinan taya, a fitar da matatar iska a kakkaɓe, a kankare lakar da ta daskare a cikin rim, don ita ce ke sa sitiyari rawa a kan gudu. Da an iso Jos, motar da ta shiga ruwa a kwance mata kusar man aksul da ta giyabos a ga launinsa a cikin makon, kafin tsatsa ta kama boris.